Tafintan da Ba a Gani Tsakanin Banki da Mitar Wuta

Tela ne a unguwar Dilimi cikin garin Jos, yana tsakiyar ɗinkin Salla, sai mita ta nuna wuta ta kusa ƙarewa. Ya ɗauki waya ya biya kuɗi, kafin ya ajiye ta lambobi 20 sun iso. Ya danna su a mita, keke ya ci gaba da aiki. A ganinsa abu ɗaya ne ya faru. Amma saƙon nan ya ratsa kwamfutocin ma'aikatu dabam-dabam, waɗanda ba su jin harshen juna.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a Jos. Cikin 1914 ne ƙaramin jirgin ƙasa na Bauchi ya iso Jos da Bukuru daga Zariya domin kwasar kuza. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali na babban layi ƙafa 3 da inci 6. Saboda haka taragon wannan ba ya hawa dogon wancan. Tilas a Zariya a sauke kaya a sake lodi. Haka aka yi ta fama har babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, aka kuma rufe ƙaramin a 1957.

To, kwamfutoci ma haka suke, kowace da faɗin dogonta. Na'urar cirar kuɗi da kati tana tsara saƙonta bisa ƙa'idar ISO 8583, wadda ta fara fitowa a 1987. Kamfanin NIBSS, wanda ya fara aiki a 1994, shi ke sada bankunan Nijeriya da juna, da nasa tsari. Mitar wuta kuwa ba ta san komai ba sai lambobin nan 20 na ƙa'idar STS. Ga kuma kamfanin rarraba wuta na Jos, wato JED, mai kula da jihohin Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, wanda a wurinsa lambobin ke fitowa.

Da za a haɗa kowace kwamfuta da 'yar'uwarta kai tsaye, guda 10 kaɗai za su bukaci hanyoyi 45. Dabarar da manyan ma'aikatu suka bi ita ce kafa manhaja guda a tsakiya, wadda duk saƙonni ke bi ta cikinta da harshe ɗaya, kamar yadda Birom da Angas da Tarok ke haɗuwa a kasuwar Taminus su yi ciniki da Hausa. Daga nan sai a ɗora wata 'yar manhaja a bakin kowace ƙofa mai fita waje. Ita ake kira adafta, kamar dai wadda ake sa wa soket in bakin fulogi bai dace ba. Ta haka kwamfutoci 10 adafta 10 ta ishe su.

Aikin adafta uku ne. Na farko, ta buɗe hanya, ta nuna shaidar da za a yarda da ita a can. Na biyu, ta yi tafinta: inda banki ya rubuta kuɗi da kwabo ita ta mayar da shi naira in haka ake so, ta kuma jera lambar mita da kwanan wata yadda mai karɓa ya saba. Na uku, ta jira amsa ta komo da ita. Idan wata ma'aikata ta sake tsarinta, adaftarta kaɗai za a gyara, ba a taɓa sauran ba.

A wannan aiki na uku ne haɗari yake. A ce banki ya cire kuɗin telan nan, saƙo ya tafi, sai layi ya katse kafin amsa ta dawo. Adafta ba ta san ko an sayar da wutar ko ba a sayar ba. In ta sake aikawa da ka, ana iya saye sau biyu. In ta yi shiru, kuɗi sun tafi, shago kuma ya yi duhu. Don haka adaftar kirki takan ba kowane ciniki lamba tasa, ta ajiye saƙon a layi, ta koma ta tambaya da wannan lamba. In an sayar ta kawo lambobin, in ba a sayar ba ta nemi a mayar da kuɗi.

Saboda haka duk wanda aka cire wa kuɗi lambobi ba su zo ba, kada ya yi gaggawar sake biya. Ya dakata tukuna, ya adana lambar cinikin da ke jikin rasit ko saƙon banki. Da ita ma'aikata za su bi sawun kuɗin daga ƙofa zuwa ƙofa har su gano inda suka maƙale.

Su kuma ma'aikatun da ke karɓar kuɗin jama'a, ya kamata su riƙa gwada adaftocinsu a kan katsewar layi tun kafin ta auku. Ɗinkin Salla ba ya jira.