Goyon Kwaɗon Dafi

Bahaushe ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. A dazuzzukan Kolombiya, Panama da Kosta Rika kuwa, akwai kwaɗon da shi da kansa yake hawa bishiya da goyo a bayansa. Bai kai tsawon yatsa ba, ga ado: wani shuɗi, wani ja, wani rawaya. Maharban ƙabilar Embera ta Kolombiya a bayan mai ruwan zinariya suke goga tsinin kibiya, ta ɗauki dafin da ke kayar da dabba.

A kan ganye uwa take zuba ƙwai. Uba ne ke jiƙa su har kusan mako 2, in sun ƙyanƙyashe ya goya 'ya'yan zuwa ɗan ruwan da ke taruwa a tsakiyar wasu tsirrai dangin abarba. A wani jan jinsi na Kosta Rika, uwa ce mai goyon, kuma takan dawo ta saka wa kowane ɗa holoƙon ƙwai ya ci.

Duk wannan ɗawainiya ita mai kiwo a Turai ko Amurka yake ɗaukar wa kansa, kuma ina ganin ƙimarsa. Kowane ɗa da kofinsa, domin a jinsi da dama babba yakan cinye ƙarami. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin kashe su yake yi, sai an tace shi, a jefa busasshen ganyen wata bishiyar Indiya har ya yi kalar shayi. Abinci kaɗan-kaɗan, don ragowa tana ruɓar da ruwa. Wata 2 zuwa 3 ana wannan jira. Ƙafafun baya ke fara tsirowa, na gaba su ɓullo daga baya. Daga nan sai ɗan ya daina ci, jikinsa ya riƙa shanye wutsiyar. Nan ne wurin hatsari: in ba a karkata kofin ya sami tudun hawa ba, ruwan da ya raine shi ne zai nutsar da shi. In ya fito, sai ƙananan ƙudajen da ba sa tashi, waɗanda aka barbaɗe da garin kalsiyam don ƙashi ya yi ƙwari.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan kwaɗon da aka raina a gida ba ya gadon dafi. Iyayensa daga tururuwa da ƙananan ƙwarin daji suke tara shi a fata. Shi da ya tashi da ƙudajen kwalba, launin kakanninsa yana nan cif, fatarsa kuwa ba ta kashe ko ɓera.