Mene ne makunnin fitila mai jin magana?

Sunansa na yawan fitowa a labaran fasaha. Makunni ne da ake kafawa a bango a gurbin na da, yana rage hasken ƙwan lantarki ko ya ƙara shi, kuma da baki ake ba shi umarni.

Dabarar rage haske ta daɗe. Ba'amurke Joel Spira ya ƙera irin na gida a 1959, ya kafa kamfanin Lutron a 1961. Na'urar na datse wutar da ke zuwa ƙwan sau da yawa cikin daƙiƙa guda, da saurin da ido ba ya kamawa, sai hasken ya dushe. Galibi shi makunnin kansa kurma ne. Lasifika irin Echo ta Amazon, wadda ta fito a 2014, ko wayar hannu, ita ke jin "rage fitilar falo zuwa rabi", ta tura ta intanet, umarnin ya dawo wa makunnin.

Tsofaffi, masu ciwon ƙafa da mai jego riƙe da jariri su suka fi morarsa.

Sai dai ba kowane ƙwan LED ke jure ragewa ba. Wani sai ya yi ta ƙyafta ido yana ƙugi. Makunnin da aka ƙera don Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, ta Najeriya kuwa 230, don haka a tuntuɓi mai gyaran wuta kafin a saya. Kuma Alexa, muryar da ke cikin Echo, na jin Larabci da Faransanci, amma babu Hausa cikin harsunanta.