Doron Haihuwa: Yaushe Babban Mutum Ke Bukatar Tiyata?

A garuruwan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, wanda aka haifa da doro ko karkataccen baya yakan girma yana jin ana cewa, "Haka Allah Ya halicce shi." Gaskiya ne, amma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Matsalar tana farawa ne tun jariri na ciki, a makonni 6 na farko, lokacin da gaɓoɓin ƙashin baya ke tsiruwa. Wata gaɓa takan fito rabi, wasu kuma su manne da juna, sai baya ya riƙa lanƙwasa yayin da yaro ke girma. Ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Akwai kuma doron da tarin fuka ke haddasawa idan ya ci ƙashi. Shi da magunguna ake fara yaƙarsa. Hoton ƙashi da gwaje-gwajen asibiti ne ke bambance su.

Ba kowane mai doro ne ake yi wa aiki ba. Da yawa gashin ƙashi da maganin ciwo sun ishe su. Likita yana auna lanƙwasar a hoto, kuma akan fara maganar tiyata idan ta kai kimanin digiri 50 tana ƙaruwa, ko ta danne laka, ko ta takura numfashi. A lokacin aikin ana ɗaura sukurori da sandunan ƙarfe a kan ƙashin, wani sa'in a cire gurɓatacciyar gaɓar, sannan a haɗe gaɓoɓin su warke tare. Ƙashin babba ya riga ya ƙosa, don haka aikinsa ya fi na yaro wuya. Akwai haɗarin zubar jini da taɓuwar laka, ga tsada, kuma manomi zai yi watanni bai ɗaga buhun masara ba. Burin likita shi ne ciwo ya ragu, mutum ya tsaya daidai, ba lallai baya ya miƙe sarai ba.

Mai ɗori ba ya gyara wannan, kuma dannawa da ƙarfi na iya jawo shanyewar ƙafafu. Duk mai doron da ya ji ƙafa na mutuwa, ko fitsari na kufce masa, ko numfashi na sarƙewa, ya garzaya asibiti mafi kusa ya nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Iyaye kuma su kai yara tun ƙashi na ɗanye.