Lome: yadda ake mayar da kwali ɗakin wasan yara

A unguwar Adidogome da ke yammacin birnin Lome, inda hanyar Kpalime ta ratsa, baburan haya na zemijan ba sa ɗaukewa tun safe har dare. Iyalai da dama, ciki har da Hausawa, suna zaune a gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, don haka da an shiga dogon hutun makaranta sai hankalin iyaye ya koma kan inda yara za su yi wasa ba tare da sun fita bakin titi ba. A ƙasar Hausa yara kan gina ɗakin tuwon ƙasa da kara da laka. A Lome kuwa kwali ya fi sauƙin samu, saboda hajar da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa.

Sai dai ba kowane kwali ake ba yaro ba. Na firij ko na injin wanki, wanda ake samu a shagunan kayan lantarki, shi ya fi, domin yana da kauri, ga tsayi. Na daskararren kifi da kaji ya riga ya sha ruwa da ƙarni. Wanda ya ɗauko maganin ƙwari ko na feshin gona kuwa, ko kyauta aka bayar a bar shi, don ƙananan yara kan kai hannu baki.

Ƙarfin kwali yana cikin takardar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin fuskokinsa biyu. Idan aka tsayar da bango yadda layukanta za su tashi daga ƙasa zuwa sama, suna ɗaukar nauyin rufi kamar ginshiƙai. Idan aka kwantar da su, bangon zai durƙushe tun yara ba su gaji da shi ba. A nan ne yawanci aikin ke lalacewa.

Babba ne zai riƙe wuƙa. Ya fara cire ƙusoshin da aka manne kwalin da su, sannan ya yanka ƙofa ta ɓangare uku, ya bar na huɗu ya riƙe ta. Tagogi biyu masu fuskantar juna dole ne, saboda iska ta ratsa, kuma uwa ta riƙa hango na ciki. Wajen haɗa bango, igiya ta fi salatif, wanda ke sakin jiki da ya ji laima. Wasu kan dama sitacin rogo su manna; yana kamawa sosai, masana'antu ma da sitaci suke manne kwalin, amma yana gayyatar kyankyasai. Zane da fenti a bar wa masu ɗakin.

Babban abokin gaba shi ne laimar bakin teku. Lome na da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ko ruwan bai taɓa kwali ba, danshin iska kaɗai na sa shi laushi. Watan Agusta, da sama ke ɗan lafawa kuma yara na gida, ya dace da aikin. Haka ma lokacin hunturu, daga Disamba. A ɗora ɗakin kan katako ko tabarma saboda gara, a shigar da shi cikin gida da yamma, a kakkaɓe shi da safe. Kyandir, ashana, murhun gawayi da maganin sauro na kunnawa, kada ko ɗaya ya kusance shi.