Littafin Jagorar Gina Manhaja Mai Tagogi da Amfaninsa ga Ɗalibin Kimiyyar Harshe

Gabatarwa

Ɗalibin da ya tattara kalmomi dubu biyu ko uku daga bakin masu magana a Maradi ko Damagaram yakan tarar cewa tattarawar ita ce mai sauƙi. Jera su, da tace su, da gano waɗanda aka maimaita, da sanya musu alamar karin sauti, aiki ne da ke cinye makonni. Wanda ya ɗan koyi harshen tsara manhaja na Python zai iya rubuta ƴan layuka su yi masa wannan aiki cikin ƙiftawar ido. Sai dai abin da ya rubuta yakan tsaya a hannunsa shi kaɗai, domin ba a sarrafa shi sai ta baƙin allon da ake buga umarni a cikinsa harafi bayan harafi. Malamin da ke duba kundinsa da abokin karatunsa da dattijon da ya ba shi kalmomin duk ba za su iya taɓa shi ba. Abin da ke buɗe musu ƙofa shi ne fuska mai tagogi, wato taga da maɓallai da akwatunan rubutu waɗanda ake dannawa da linzamin kwamfuta. Gina irin wannan fuska fanni ne mai zaman kansa, kuma a nan ne littafin jagora yake da rana.

Asalin kayan aikin

Tunanin sarrafa kwamfuta ta tagogi ya yi ƙarfi ne a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka, inda aka ƙera na'urar Alto a 1973, sannan ya isa hannun jama'a da fitowar Macintosh a 1984. Mai tsara manhaja a yau ba ya zana maɓalli da kansa daga tushe. Yakan ɗauko shi ne daga taskar kayan da wasu suka riga suka tanada. Biyu daga cikin waɗannan taskoki sun fi dacewa da mai koyo. Ta farko ita ce Tk, wadda John Ousterhout ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma ana kaiwa gare ta daga Python ta hanyar Tkinter, wanda ke cikin kayan da harshen ke zuwa da su. Ta biyu ita ce Qt, wadda Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka ƙirƙira a Norwe, ta fito fili a 1995. Kowace daga cikinsu tana aiki a kan Windows da Linux da macOS.

Ɗaliban fannin harshe sun saba da amfanin irin wannan aiki ko da ba su lura ba. Praat, wanda Paul Boersma da David Weenink suka gina a Jami'ar Amstadam, da ELAN na Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, da FLEx na ƙungiyar SIL, duka manhajoji ne na kwamfutar tebur masu tagogi. Da a ce sai ta umarni kawai ake auna tsawon wasali a Praat, da masu amfani da shi ba su kai yawan da suka kai ba.

Abin da littafin ke koyarwa

Babban amfanin littafin jagora shi ne tsari. Intanet cike take da guntayen misalai, kowanne yana warware matsala guda, amma ba sa nuna yadda sassan suke haɗuwa. Wanda ya koya daga guntaye yakan iya kwaikwayo, sai ya rasa inda zai dafa ranar da taga ta ƙi buɗewa. Littafi nagari yana bin darussa hawa-hawa, kuma aƙalla abubuwa huɗu ne yake dasawa a kan mai karatu.

Na farko shi ne sauya tunani game da yadda manhaja ke gudana. Ƙaramar manhajar da aka saba rubutawa tana farawa daga layin farko ta ƙare a na ƙarshe. Manhaja mai tagogi kuwa zama take yi tana jira: an danna maɓalli, an buga harafi, an ja gefen taga, sai ta amsa ta koma jira. A Tkinter, umarnin mainloop ne ke riƙe da wannan zagaye na jira da amsawa. Wanda bai fahimci haka ba zai sa manhajarsa ta ƙirga kalmomin babban matani a cikin zagayen, taga ta daskare, ya ɗauka na'ura ce ta lalace.

Na biyu shi ne jera sassan taga. Tkinter yana da hanyoyi uku, pack da grid da place, kuma haɗa biyun farko a mazubi ɗaya kuskure ne da kusan kowane mai koyo yake faɗawa. Littafi yana bayyana dalili, ya kuma nuna yadda za a sa akwatin rubutu ya faɗaɗa idan an faɗaɗa taga.

Na uku shi ne raba aiki da fuska. Sashen da ke yanka kalma gaɓa-gaɓa bai kamata ya san launin maɓalli ba. Idan an raba su, ana iya gwada ƙa'idar gaɓar Hausa ita kaɗai, a tabbatar ta raba makaranta zuwa ma-ka-ran-ta, kafin a ɗora mata taga. Ɗalibin da ya saba bambanta ƙirar ɓoye da ƙirar sarari a nazarin jimla ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Na huɗu shi ne tanadin fassara. Littattafan Qt suna koyar da yadda ake ware kalmomin da ke kan maɓallai a fayil na daban, wanda mai fassara zai buɗe da Qt Linguist ba tare da ya taɓa manhajar ba. Ta haka fuska ɗaya za ta iya fitowa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci.

Ga mai karatu da Faransanci, littafin Gérard Swinnen mai suna Apprendre à programmer avec Python 3 mafari ne mai kyau: ana samun sa kyauta, kuma yana shigo da Tkinter tun mai koyo bai yi nisa ba. Wanda ke karanta Ingilishi yana da darussan TkDocs na Mark Roseman, da littafin Mark Summerfield na 2007 a kan Python da Qt.

Inda littafin ya tsaya

Waɗannan littattafai ba don Hausa aka rubuta su ba, saboda haka akwai giɓin da mai karatu zai cike da iliminsa na harshe. Haruffa masu lanƙwasa su ne gwaji na farko. A tsarin Unicode, ɓ tana da lamba U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ tana da U+0199, ƴ kuma U+01B4. Babu ɗayansu a allon madannai na AZERTY da aka fi gani a Nijar. Ƙaramar taga mai maɓallai takwas, huɗu na ƙananan haruffa huɗu na manya, aiki ne na yini guda ga wanda ya karanta babin farko, kuma tana hana a rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa. Idan aka buɗe fayil a Windows ba tare da an ambaci UTF-8 ba, haruffan nan sukan rikiɗe su zama tarkace. Haka nan sai an zaɓi salon rubutu mai ɗauke da su, kamar Charis SIL ko Noto.

Jera kalmomi ma yana da tarko. Kwamfuta tana jerawa ne bisa lambar harafi, don haka sai ta kai ƙ bayan z, alhali a ƙamus bayan k take. Dole mai gina manhajar ya rubuta mata jerin abacada na Hausa, ya kuma yanke shawara a kan sh da ts. Akwai kuma bambancin ƙa'idar rubutu: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya kuwa ta fi rubuta 'y. Akwatin neman kalma da bai ɗauki biyun a matsayin abu guda ba zai ɓoye rabin abin da ake nema a matanin da aka haɗo daga ƙasashen biyu.

Karin sauti ya fi waɗannan wuya. Rubutun yau da kullum ba ya bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, amma mai nazari dole ya bambanta. Wasali mai alamar karin ƙasa yana iya zama harafi guda a cikin na'ura, yana kuma iya zama wasali da alama a rabe. A ido ɗaya suke, ga kwamfuta daban ne, sai an daidaita su kafin bincike. Wanda ke aiki da ajami kuma zai ga Qt ya fi Tk iya rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu.

Shekarar littafi ma abin dubawa ce. An daina kula da Python 2 a farkon 2020, kuma Qt 6 ya fito a ƙarshen wannan shekarar. Misalan tsohon littafi suna iya ƙin aiki sai an gyara su, ko da yake bayaninsa kan tsari yana nan daram.

Kammalawa

Manhajar kwamfutar tebur ba ta buƙatar intanet, kuma bayanan da aka tattara suna zama a hannun wanda ya tattara su, abin da ke da muhimmanci ga mai riƙe da muryoyin mutanen da suka ba shi amana. Ɗalibin da ya bi littafin jagora ɗaya daga farko har ƙarshe, yana gwada kowane misali da kalmomin Hausa maimakon na littafin, zai iya miƙa wa sashensa ƙaramin ƙamus ko na'urar raba gaɓa da kowa zai buɗe ya yi aiki da ita bayan shi ya gama karatu ya tafi.