Tsawon Bindigar Toka: Doguwa Ko Gajeriya?

Akwai wata daɗaɗɗiyar gardama tsakanin maharba a kan bindigar toka, watau irin wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki. Galibinsu sun tafi a kan cewa iyakar tsawon bututun bindiga, iyakar nisan harbinta da daidaitonsa. Saboda haka sai ka ga mutum ya kwashi kuɗin gyaɗarsa ya nemi wadda in ya kafa gindinta a ƙasa bakinta zai wuce kansa. Maganar nan tana da ƙanshin gaskiya, amma rabinta kuskure ne, kuskuren kuwa yana iya cin yatsun mutum ko idonsa.

Ka sani, ya mai karatu, albarushi ba ya cinyewa a lokaci guda. Sa'ad da wuta ta taɓa shi sai ya riƙa ƙuna yana zama iska mai zafi, iskar nan ita ke ingiza harsashi. Muddin harsashi yana cikin bututu ana ingiza shi, da ya fita baki ingizawa ta ƙare. In bututu ya cika gajarta, harsashi zai fita tun albarushi bai gama aikinsa ba, saura ya ƙone a waje, ya zama walƙiya da ƙara da hayaƙi, asara ke nan. A nan masu son doguwa suke da hujja, balle in albarushin mai manyan ƙwayoyi ne, gama shi ya fi jinkirin ci. Amma fa ƙarin da tsawo ke yi raguwa yake. In an wuce wajen ƙafa uku, abin da kowane inci ke ƙara wa gudun harsashi kaɗan ne ƙwarai, nauyin ƙarfen kuwa yana nan a hannun mai shi. Fa'idar tsawo ta gaskiya tana wajen auna abin harbi: in saitin gaba ya yi nisa da na baya, ƙaramin kuskuren ido ba ya zama babba a can nesa.

Labarin wata bindiga da ta yi tsawo kana ta komo ta gajarta ya isa misali. Maharban ƙasar Jamus suna da bindiga mai tsagogi a murɗe cikin bututunta, domin harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sosai. Gajeriya ce mai faɗin baki, bututunta bai cika wuce inci 30 ba. Da maƙeran Jamus suka yi ƙaura zuwa Amurka a farkon ƙarni na 18, suka zauna wajen Lancaster a ƙasar Pennsylvania, sai suka tarar da maharba masu tafiya a ƙasa cikin kurmi, wata da watanni, nesa da kasuwar darma da albarushi. Aka tsuke bakin bindigar domin darma kaɗan ta ba da harsashi da yawa, aka ƙara tsawon bututu har ya haura inci 40. Bayan shekara ɗari, da mutane suka fita kurmi suka shiga sararin yamma bisa dawaki, inda namun dajin manya ne, doguwar nan ta zama kaya. 'Yan'uwa biyu maƙera, Jacob da Samuel Hawken, a birnin St. Louis, suka shahara tun wajen 1825 da ƙera bindiga mai kauri, mai faɗin baki, wadda bututunta ke tsayawa wajen ƙafa uku ko ƙasa da haka kaɗan, domin ta kwanta a kan sirdi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Hujjar da ta fi yanke gardama kuwa daga sojan Ingila ta fito. Bindigarsu ta Enfield ta 1853 bututunta inci 39 ne. Ba don daidaiton harbi aka yi mata wannan tsawo ba. Soja a zamanin nan sahu biyu suke tsayawa su yi harbi, tilas bakin bindigar na baya ya wuce fuskar na gaba, kuma in an kafa mata wuƙa a baki ta zama mashin tare mahaya. A 1858 aka yi wa sojan ruwa wata mai inci 33, aka ƙara mata kaurin ƙarfe, aka yi mata tsaga biyar maimakon uku, murɗinta yana cika zagaye guda a inci 48, na doguwar kuwa sai a inci 78. Sai ga gajeriyar ta fi doguwar samun abin da aka auna, har gwanayen harbi na sojan kudu a yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, suka riƙa neman irinta. Ashe kyawun ƙira da kaurin ƙarfe sun rinjayi inci shida.

To, ita bindigar toka ta ƙasashen nan cikinta sumul yake, ba tsaga, saboda haka tsawo ba zai ba ta abin da ba a ƙera ta da shi ba. Siffarta gado ce daga dogayen bindigogin da Turawa 'yan kasuwa suka riƙa kawowa bakin teku, musamman mutanen Danmak, waɗanda suka riƙe ganuwarsu a Akra har suka sayar wa Ingilishi a 1850. Maƙeran gida suka kwaikwayi abin da suka gani, maharba kuma suka ɗauka tsawon shi ne asirin.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ɗuri. Kowane harbi yana barin dauɗar toka cikin bututu, ɗuri na uku ya fi na fari tauri. Mutumin da bakin bindiga ya wuce haɓarsa ba ya samun ƙarfin danna sandar ɗuri daga sama, sai ya karkata ta, ya yi ta dunguri. In ga gaggawa, naman da ya ji rauni yana neman juyowa, sau da yawa harsashi yakan tsaya a hanya bai sauka kan albarushi ba. Sararin da ya rage tsakaninsu shi ke kumbura bututu ko ya fasa shi, hannun hagu kuwa a daidai wurin yake riƙe.

Mai farauta a fili, wanda ke kwanto ya ɗora bindiga kan reshe, ba laifi ya nemi inci 40 in tsayinsa ya kai. Mai kutsawa cikin sarƙaƙiya ko mai hawan doki, inci 30 zuwa 34 sun wadatar da shi. Kafin ya biya, sai ya kafa gindinta a ƙasa ya ga bakin bai wuce haɓarsa ba, sa'an nan ya ɗaga ta kafaɗa ya ƙirga goma, in baki ya soma rawa ta fi ƙarfinsa. Ran da ya yi ɗurin fari cikin natsuwa kuma, ya bar sandar ɗuri a ciki, ya yi mata shaida da wuƙa daidai baki. Duk ranar da shaidar ta tsaya sama da baki, kada ya taɓa kunama sai ya danna harsashin ya sauka.