Daga Marinar Ƙofar Mata Zuwa Bugun Zuciya

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta, ya ga abin da zan faɗa. Marini ya tsamo zane daga karofi, sai ka gan shi kore-kore. Kafin ya gama matsewa ya shanya, shuɗi ya fara cinsa daga inda iska ta soma taɓawa, har ya rufe shi duka. Baban da ake rinin da shi na da hali biyu ke nan, na cikin ruwa da na sarari. Sai dai a nan iska ce ke bin zanen tana sauya shi.

Akwai inda sauyin ke tafiya da ƙafarsa. A 1918 wani masani a Amurka, Ralph Lillie, ya yi nazarin wayar ƙarfe da aka tsoma cikin asid mai ƙarfi da ake kira naitirik. Hankali zai ba ka cewa asid zai cinye ta nan take, amma ina! Wata fata siririya da ido ba ya gani ce ke rufe ƙarfen, sai ya kwanta lafiya. Da an karce wuri ɗaya, fatar ta yaye, wurin ya yi duhu ya hau kumfa. Lantarki kan gudana tsakanin wurin da ya buɗe da maƙwabcinsa mai rufi, ya narkar da fatar maƙwabcin, shi ma ya narkar da ta gaba. Haka sauyin ke gudu kamar igiyar ruwa har ƙarshen waya. In asid ɗin bai kai ƙarfi ba, ƙarfen ya ci gaba da cinyewa ke nan. In ya kai, sabuwar fata na biyo bayan igiyar tana rufewa. (Kada wani yaro ya ce zai gwada a gida, asid ɗin na ƙona fata, hayaƙinsa kuma guba ne.)

Abin ya yi kama da wutar daji. Ƙaramin tartsatsi kan mutu a banza, amma in ta kama ta kama. Ba ta komawa inda ta riga ta ci, kuma in biyu suka haɗu sai su mutu tare. Igiyar wayar ma haka take.

Ba ƙarfe ne ya dami Lillie ba, jijiya yake son ganewa. A 1952 wasu masana a Ingila, Hodgkin da Huxley, suka fayyace yadda saƙo ke bin jijiya ta irin wannan hanya, wani lokaci da gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa, aka ba su kyautar Nobel a 1963.

To, ga Asibitin Murtala can kusa da marinar. Layin nan mai hawa da sauka da na'urar gwajin zuciya ke zanawa a takarda, sawun irin wannan igiyar ne. Daga wani ɗan gurbi a saman zuciya take tashi, sau 60 zuwa 100 a minti ga babba yana hutawa, ta ratsa tsokar, tsokar ta matse, ta ɗan huta, sannan wata ta zo. Wannan ɗan hutun shi ne rufin asirinmu. In igiyar ta ci karo da tabo ko wurin da bai gama farfaɗowa ba, tana iya karyewa ta shiga kewaya kanta kamar guguwa. Daga nan zuciya sai rawa, ba turo jini. Na'urar lantarkin da likitoci ke jan mutum da ita a ƙirji, aikinta ta kashe waɗannan guguwoyin a lokaci guda, don gurbin asali ya karɓi ragama.

A ganina, in zuciya ta fara ba da alama, mun cika ɗora komai a kan gajiya da ulsa. Mai karatu, in zuciyarka na yawan bugawa ba tsari, musamman da jiri ko suma, ka je asibiti a yi maka gwajin.